Baƙon da Ya Tarar da Gida a Gine: Tsokaci a kan Labaran Tafiyar Ma'auratan Mishan na Ɗariƙar Mormon

A watan Nuwamban 1978 wasu dattawa huɗu 'yan Amurka, maza biyu da matansu, suka sauka a filin jirgin saman Legas. Rendell Mabey ne da matarsa Rachel, sai Edwin Cannon da matarsa Janath. Su ne 'yan mishan na farko da Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Zamanin Ƙarshe, wanda aka fi sani da ɗariƙar Mormon, ya aiko don su zauna a Nijeriya da Gana. Ba 'yan koyo ba ne. Mabey lauya ne mai shekara 70 a duniya, ɗan wani tsohon gwamnan jihar Yuta. Shi da Cannon kowannensu ya taɓa shugabantar ayyukan mishan na cocin a Suwizalan, ita kuwa Janath ta sauka ke nan daga muƙamin mataimakiya ta farko ga shugabar ƙungiyar matan cocin ta duniya baki ɗaya, muƙamin da ta riƙe daga 1974 zuwa 1978. Bayan 'yan kwanaki da saukarsu suka nausa ƙasar Ibo, suna tambaya ana yi musu kwatance, har suka isa yankin Aboh Mbaise. A can suka tarar da ɗakin ibada a gine, an rubuta sunan cocinsu a jikinsa, ga jama'a, ga shugaba, wani malamin makaranta mai suna Anthony Obinna. Ranar 21 ga Nuwamba aka yi wa mutum 19 baftisma a wani rafi da ke kusa, Obinna ne na farko, kuma a ranar aka naɗa shi shugaban reshen, aka ba matarsa Fidelia jagorancin mata.

Wannan tafiya ta bar rubuce-rubuce masu yawa, domin 'yan ɗariƙar Mormon mutane ne masu son ajiye tarihi. Shugabansu na wancan lokaci, Spencer W. Kimball, ya sha yi musu hudubar kowa ya riƙa rubuta abin da ya same shi yau da gobe. Daga irin waɗannan bayanai ne Mabey ya fitar da littafinsa Brother to Brother a 1984 tare da Gordon Allred. Har yau kuma duk ma'auratan da cocin ya tura wata ƙasa sukan koma gida da kundin labarai da hotuna da tarin wasiƙun da suka aika wa 'ya'ya da jikoki. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne yadda za a karanta irin wannan rubutu. Taska ce, babu shakka. Amma labarin baƙo ne, kuma baƙo yakan ƙirga tarihin gari daga ranar da ya sauka, alhali gari ya daɗe a kafe kafin ya hango ganuwarsa.

Mai tambaya zai ce, ina ruwan manazarcin Hausa da 'yan Mormon, tunda ba a ƙasar Hausa abin ya faru ba? Ruwansa shi ne fagen nazarin Hausa na zamani ya tashi ne a kan takardun da suka yi kama da waɗannan. J. F. Schön, wanda ya buga jerin kalmomin Hausa a 1843 da nahawu a 1862, ɗan mishan ne. G. P. Bargery, mai ƙamusun 1934 da har yanzu ba a rabu da shi ba, da aikin mishan ya fara shigowa ƙasar. Wanda ya taɓa zama da littafin Magana Hausa na 1885 ya san cewa sunan Schön ne a bango, amma mafi daɗin abin da ke ciki daga bakin Dorugu ya fito, yaron nan ɗan ƙasar Damagaram da Barth ya tafi da shi Turai. Sai a 1971, lokacin da Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fito da labarin rayuwarsa, Dorugu ya sami matsayin mai labari a idon masu karatu da yawa. Saboda haka matsalar raba muryar baƙo da ta mai masauki tsohuwar matsala ce a wannan fage. Amfanin misalin 'yan Mormon shi ne sabo ne, takardun ɓangarorin biyu suna nan, ana iya jera su a gwada, abin da ba kasafai ake samu ba a rubuce-rubucen ƙarni na 19.

Kafin a shiga gwajin, ya dace a san su wane ne waɗannan ma'aurata a tsarin cocin. Abin da duniya ta fi sani shi ne samarin nan biyu-biyu masu fararen riguna da baƙin allon suna a ƙirji, waɗanda kan yi shekara biyu suna wa'azi, 'yan mata kuma wata 18. Bayan su akwai rukunin dattawa, galibi waɗanda suka yi ritaya, miji da mata, da kan ba da kansu na tsawon wata 6 zuwa 23. Da kuɗinsu suke tafiya, su biya haya da abinci. Ana kiran mijin Dattijo, matar kuma 'Yar'uwa. Aikinsu ya fi karkata ga ofis, kula da kuɗi, ayyukan agaji irin su rijiyoyi da kekunan guragu, hidimar haikali, horar da shugabannin rassa, da tattara bayanan asalin iyalai. Samari kan sami horon harshe na makonni kafin su tashi, kuma kullum suna kan titi cikin mutane, don haka sukan koma gida da harshen ƙasar a bakinsu. Dattawa kuwa yawanci da Ingilishi da tafinta suke aiki. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai karatu, domin wanda bai ji harshe ba, idonsa ne kawai ke aiki, kunnensa a toshe yake.

Shi ya sa abin da ake kira sanin al'adu a irin waɗannan labarai ya fi tsayawa a kan abin da ido ke gani da abin da ciki ke ji. Za a tarar da cunkoson motoci, ramukan hanya, shingayen sojoji, ɗaukewar wuta, zafi, sauro, kasuwa da launukanta, matan da ke ɗauke da kaya a ka da goyo a baya, da ranar da aka fara cin sakwara da hannu. Sai kuma jimlar nan da ba ta taɓa ɓacewa daga rubutun baƙin Turawa a Afirka, wato mutanen matalauta ne amma kullum cikin fara'a suke. Mai rubuta ta yabo yake nufi. Sai dai yabo ne da ke rufe ƙofar tambaya, domin wanda aka riga aka yanke cewa yana cikin farin ciki ba a tambayarsa abin da ke damunsa, kuma fara'ar da mai gida ke yi wa baƙo ladabi ne, ba rahoton halin da gida ke ciki ba.

Duk da haka zalunci ne a raina wahalar da mutanen suka sha. Tsoho mai shekara 70 da ya bar gidansa da jikokinsa ya shiga hanyoyin kudu maso gabashin Nijeriya shekara takwas bayan yaƙin basasa, yana kai da kawowa tsakanin ƙasashe biyu da duk sojoji ke mulki, ba yawon buɗe ido ya zo ba. Gana ta lokacin tana fama da ƙarancin kayan masarufi, kuma cikin shekarar aikinsu ne Jerry Rawlings ya yi juyin mulkinsa na farko ranar 4 ga Yunin 1979. Abin da suka rubuta game da farashi da hanyoyi da ofisoshin gwamnati da yanayin garuruwa shaida ce da masanin tarihin zamantakewa zai yi murna da ita, musamman da yake ɗan gari ba ya rubuta abin da ya saba gani. Cikin shekara guda ma'auratan nan biyu suka yi wa mutum kusan 1,700 baftisma a ƙasashen biyu.

Wannan adadi shi ne wurin da labarin baƙo ke fara ɗingishi. Mutum huɗu da ba su jin Ibo, ba su jin Efik, ba su jin Fante, ba za su shawo kan mutum 1,700 cikin wata 12 ba. Girbi suka yi a gonar da wasu suka share, suka shuka, suka yi noma shekara da shekaru. Ƙaramin taken littafin Mabey yana gabatar da su a matsayin waɗanda suka kai bishara ga baƙaƙen Afirka, alhali yankunan da suka shiga suna cikin mafi daɗewa da Kiristanci a gaɓar tekun. 'Yan Methodist sun sauka Cape Coast tun 1835, mishan ɗin Hope Waddell ya isa Kalaba a 1846, Samuel Ajayi Crowther ya kafa tasha a Anaca a 1857, Samuel Bill kuma ya fara aiki a bakin kogin Qua Iboe a 1887. Mutanen da suka shiga rafi a 1978 ba baƙin Littafi Mai Tsarki ba ne. Ko ita ɗariƙar Mormon ɗin ma, ba ma'auratan ne suka kawo ta ba. Takarda ce ta kawo ta.

Tun shekarun 1950 wasiƙu ke isa hedikwatar cocin a Salt Lake City daga Nijeriya, daga baya kuma daga Gana, mutane suna neman littattafai da malamai. Wasu sun ci karo da sunan cocin ne a mujalla. Shi kansa Obinna ya ba da labarin cewa ya yi mafarkin wani dogon gini, daga baya, lokacin da yaƙin basasa ya tsare shi a gida, ya ga hoton ginin a wani tsohon kwafin Reader's Digest, ashe haikalin Salt Lake ne. A Gana, Joseph William Billy Johnson ya karanta Littafin Mormon a 1964, ya shiga wa'azi gari-gari, ya kafa ikilisiyoyi a Cape Coast da kewaye ba tare da izinin kowa ba, ya yi shekara 14 a haka. A yankin Uyo ma akwai ƙungiyoyi masu dubban mabiya da suka ɗauki sunan cocin tun farkon shekarun 1960. Duk waɗannan sun gina ɗakunan ibada da kuɗinsu, sun tsara addu'o'insu, sun yi ta rubuta wasiƙa suna jiran amsa.

Me ya hana amsar zuwa? Daga 1852, zamanin shugabancin Brigham Young, cocin ya hana baƙar fata 'yan asalin Afirka matsayin firist, ya kuma hana mazansu da matansu shiga manyan ibadun haikali. A wasu ɗariƙun wannan zai tsaya ne a kan 'yan tsirarun malamai, amma a ɗariƙar Mormon babu limaman albashi a matakin unguwa. Kusan kowane namiji mai riƙe da ƙa'ida firist ne tun yana ɗan saurayi, kuma firist ne kaɗai ke yin baftisma, ya tsarkake jibi, ya shugabanci reshe. Ke nan cocin da duk mabiyansa baƙaƙe ne ba zai iya gudanar da ko ibadar Lahadi ɗaya cikakkiya ba sai an kawo Bature daga waje. Cocin ya aiko LaMar Williams ya duba a 1961, aka kuma sanar da shirin buɗe mishan a Nijeriya a farkon 1963. A watan Maris na shekarar wani ɗalibi ɗan Nijeriya da ke karatu a Kalifoniya, Ambrose Chukwu, wanda ya ziyarci wani reshen cocin a can ya ji koyarwarsa game da launin fata, ya rubuta wa jaridar Nigerian Outlook ta Inugu wasiƙa mai zafi. Jaridar ta buga, gwamnati ta ƙi ba da bizar zama. Williams ya yi ta ƙoƙari har zuwa Nuwamban 1965, lokacin da aka aiko masa ya koma gida. Wata biyu bayan haka aka yi juyin mulkin Janairun 1966, yaƙi ya biyo baya. Ƙofa ba ta buɗe ba sai a watan Yunin 1978, sa'ad da Kimball ya sanar da abin da cocin ya kira wahayi, aka ɗage hanin. Johnson ya ce a rediyon BBC ya ji labarin cikin dare. Ko bayan sanarwar, sai da Obinna ya sake rubuta wa shugabannin cocin yana kukan cewa shirunsu ya yi tsawo.

Idan aka sa wannan tarihi a gefen labarin tafiyar, ma'anar abubuwa da yawa sai ta sauya. Akwai wani hoto da cocin ke yawan yaɗawa daga wannan zamani: dogon layin mutane cikin fararen kaya sun gangaro zuwa rafi, Bature ɗaya tsaye cikin ruwa yana karɓarsu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya karanta labarin baƙo kaɗai zai ga nasarar mishan. Wanda ya san abin da ya gabata zai ga layin mutanen da aka bari a bakin ƙofa kusan shekara 20 saboda launin fatarsu, kuma dalilin da ya sa mutum ɗaya ne cikin ruwan shi ne har zuwa 'yan watannin baya ba a yarda ɗayansu ya tsaya a wurin ba. A 2013 cocin da kansa ya fitar da bayani yana nesanta kansa daga dalilan da aka riƙa bayarwa a da, irin su cewa baƙar fata alamar la'ana ce. Wannan mataki ne mai kyau, amma bai canza yadda aka riga aka rubuta labaran tafiyar ba.

Ainihin haɗuwar al'adu kuwa ba a kan akushi ta faru ba, a cikin ɗakin ibada ta faru, kuma a nan ne labaran suka fi yin gajeren bayani. Ikilisiyoyin da ma'auratan suka tarar sun taso ne cikin yanayin cocin Afirka masu zaman kansu. Akwai ganguna, akwai tafi da rawa, akwai faranti na yawo don tara baiko, akwai amsa wa mai wa'azi da babbar murya. Ibadar Mormon ta Yuta kuwa shiru ce da natsuwa, waƙoƙi daga littafi, fiyano, maza cikin fararen riguna da ɗaurin wuya irin na Turawa. Cikin ɗan lokaci aka fitar da ganguna daga ibadar Lahadi. A rubutun baƙo wannan gyara ne, koyar da tsari ne ga mutanen da suka yi ta kansu ba jagora. Ga wanda ya kaɗa gangar nan shekara goma yana yabon Ubangiji da ita, al'amarin ya fi haka nauyi. Masanin waƙa da kiɗa ba ya buƙatar a gaya masa cewa kayan kiɗa ba ado ba ne da za a cire a bar waƙa yadda take.

Haka batun mata. A yankin Sekondi da Takoradi akwai Rebecca Mould, wadda mabiyanta ke kira annabiya, tana jagorantar ikilisiyarta da sunan cocin tun kafin 1978. Sanarwar Yuni ta buɗe firistanci ga baƙaƙen maza, ba ta buɗe shi ga mace ko wace iri ba. Saboda haka zuwan 'yan mishan, wanda ya ɗaga mazan da ke ƙarƙashinta, shi ne ya sauke ta daga kan mumbarin da ta gina. Ranar da tarihin hukuma ke kira ranar 'yanci, ga wannan mata ranar raguwar matsayi ce. Sai kuma auren mace fiye da ɗaya. Cocin da duniya ta san shi da wannan al'ada a ƙarni na 19, wanda bai fara janye jiki daga gare ta ba sai da sanarwar Wilford Woodruff ta 1890 bayan matsin lambar gwamnatin Amurka, shi ne ya zo Afirka yana ƙin yi wa mai mata biyu baftisma. Da yawa daga cikin dattawan Yuta da ke zuwa aikin mishan jikoki ne ko tattaɓa-kunnen gidajen mata da yawa. Da za a so a ji abin da ke ransu sa'ad da suke bayyana wa wani magidanci wannan doka, amma irin wannan ba shi ne abin da ake rubuta wa jikoki a wasiƙa ba.

A nan ne kasancewarsu miji da mata yake da wani amfani na musamman ga manazarci. Matar takan shiga inda mijin ba ya shiga: madafa, taron mata, ɗakin mai jego. Takan lura da abin da shi ba ya ɗauka labari ne. Masu nazarin Hausa sun san darajar wannan fiye da kowa. M. G. Smith ya rubuta tsarin sarautar Zazzau, amma matarsa Mary ce ta zauna da Baba ta Karo tsakanin 1949 da 1950 ta rubuta rayuwarta, littafin da ya fito a 1954 kuma ya buɗe cikin gidan Bahaushe ga masu bincike yadda babu wani namiji baƙo da zai iya. Bambancin shi ne Mary Smith ta ji Hausa, kuma ta bar Baba ta yi magana. A wajen ma'auratan mishan, littafin da ake bugawa galibi na mijin ne, ko kuma muryarsa ce ta rinjaya, domin shi ne mai riƙe da firistanci, shi ne mai yin baftisma, lissafin baftisma kuwa shi ne ƙashin bayan labarin. Wanda ke son sanin abin da ya faru da irin su Fidelia Obinna da Rebecca Mould, sai ya nemi bayanan Rachel da Janath da na matan da suka biyo bayansu, ya karanta su da kansu, kada ya ɗauke su rataye ga na mazajensu.

Akwai kuskure na biyu, kishiyar na farko, wanda ya fi kama masu ilimi. Shi ne a ɗauki duk labarin a jefa shi kwandon mulkin mallaka, a ce Turawa sun zo sun yaudari talakawa, shi ke nan. Wannan ma toshe bakin mai masauki ne, sai dai da hannun hagu. Obinna malamin makaranta ne, Johnson ma'aikaci ne mai karatu, kuma ba a ɓoye musu hanin ba. Sun sani, suka zaɓi su jira, bisa dalilan da suka gamsar da su. Chukwu ma ya sani, ya zaɓi ya yi yaƙi da shigowar cocin. Duka biyun muryoyin Afirka ne, kuma jayayyar da ke tsakaninsu ta fi duk abin da baƙin suka rubuta game da zafi da sauro muhimmanci. Manazarcin da ya ɗauki Chukwu gwarzo ya mai da Obinna wawa bai fi wanda ya ɗauki Obinna waliyyi ya mance da Chukwu adalci ba.

Abin da ya faru bayan shekara goma ya ƙara nuna wane ne mai gidan. Ranar 14 ga Yunin 1989 gwamnatin Rawlings ta dakatar da ayyukan cocin a Gana tare da na Shaidun Jehobah, ta kori 'yan mishan na waje, ta rufe ɗakunan ibada. Dakatarwar ta kai ƙarshen Nuwamban 1990. Babu baƙo ko ɗaya, amma cocin bai mutu ba. Mabiya suka koma yin ibada a gidajensu, kamar dai yadda iyayensu suka yi kafin 1978, ƙarƙashin jagorancin 'yan ƙasa irin su likita Emmanuel Kissi, wanda daga baya ya rubuta tarihin cocin a Gana cikin littafinsa Walking in the Sand na 2004. A Nijeriya an kafa babbar gundumar cocin ta farko a Aba a 1988 da shugabanni 'yan ƙasa zalla. An buɗe haikali a Akara a 2004, wani a Aba a 2005. A yau mafi yawan matasan da ke wa'azin ɗariƙar a Afirka ta Yamma 'yan Afirka ne, akwai kuma ma'aurata 'yan Afirka da ke irin aikin da Mabey da Cannon suka yi. Idan ɗaya daga cikinsu ya je Yuta ya rubuta abin da ya gani na sanyi da abinci da shirun ibadarsu, to za a sami kishiyar labarin, irin abin da Abubakar Imam ya yi wa Ingila a Tafiya Mabuɗin Ilmi bayan ziyararsa ta 1943. Adabin tafiye-tafiye ba ya daidaita sai an yi tafiyar ta fuska biyu.

Ba a cewa dattijon da ya yi ritaya daga aikin lauya ko na banki ya zama masanin al'adu cikin wata 18. Ya rubuta abin da ya gani, da zuciya ɗaya, don iyalinsa da 'yan cocinsa. Nauyin yana kan wanda ya ɗauki rubutun ya mai da shi madogara. Shi ne ya wajaba ya tambayi wa ya yi tafinta a ranar, da wane harshe aka yi maganar da aka rubuta da Ingilishi, wa ya ba da masauki, wa ya nuna hanya, wa ya yi shiru a taron, kuma me ya sa. Sunan direba da na tafinta da na mai dafa abinci sukan bayyana sau ɗaya a irin waɗannan labarai su ɓace, alhali ta bakinsu da idonsu baƙon ya san kusan duk abin da ya sani. Dorugu ma haka ya fara bayyana a takardun Turawa, a matsayin yaron gida.

Saura batun inda takardun suke, wanda shi ne ya fi shafar jami'o'in wannan yanki kai tsaye. Wasiƙun da 'yan Nijeriya da 'yan Gana suka yi ta aikawa tun shekarun 1950 suna taskar tarihin cocin a Salt Lake City. A 1988 wani malamin cocin, E. Dale LeBaron, ya zaga ƙasashen Afirka ya naɗi hirarraki da ɗaruruwan mabiya na farko, ya buga kaɗan daga ciki a littafinsa All Are Alike unto God a 1990, sauran kuma suna Yuta. Ban da wannan, hukumar cocin mai kula da asalin iyalai, FamilySearch, ta daɗe tana tura ma'aikata ƙauyukan Gana da Nijeriya da wasu ƙasashe suna naɗar salsalar dangi daga bakin tsofaffi, aikin da dattawan mishan kan taimaka wajen kula da shi. Dalilinsu na addini ne, domin sun yi imani da yi wa matattu baftisma ta hanyar wakilci, kuma ya kamata duk tsohon da ake naɗar muryarsa a bayyana masa haka da harshensa. Amma ko mene ne dalilin, abin da ake tarawa adabin baka ne: sunaye, kirari, labarin ƙaura, tarihin kafuwar garuruwa, daga bakin mutanen da ba za a sake samun su ba bayan 'yan shekaru. Sassan harsuna da na tarihi a Nsukka da Uyo da Cape Coast, da ma na Kano da Zariya da Sakkwato duk ranar da aikin ya taɓa al'ummomin da suke nazari, suna da hurumin su nemi a ajiye kwafin kowace murya da aka naɗa a jami'ar da ta fi kusa da ƙauyen da aka naɗe ta, da harshen da aka yi maganar, kafin a fassara, tare da sunan wanda ya yi tafinta.